An Nemi Mahaifiyata Ta Shiga Bincike a Ƙaramin Asibiti: Ta Sa Hannu?

TAMBAYA: Assalamu alaikum, Malama Nas. Mahaifiyata tana fama da hawan jini, kuma a ƙaramin asibiti take karɓar magani. Da ta je awo aka ba ta wata takarda, wai ana neman masu hawan jini su shiga bincike. Za a raba su gida biyu ta hanyar ƙuri'a: wasu ma'aikaciyar lafiya za ta riƙa zuwa gida tana auna su, wasu kuma su ci gaba da zuwa asibiti kamar da. Ƙannena sun ce gwaji kawai za a yi da ita. Ni ma abin da ya ɗaure min kai, in bincike na gaskiya ne, me ya sa ba a babban asibiti za a yi shi ba? Daga wata mai karatu.

AMSA: Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Allah ya ba Mama lafiya, ke kuma ya saka miki da kulawar da kike yi mata.

Bari in fara da abin da ya ɗaure miki kai, domin a nan ne nake da magana. Yawancin masu hawan jini a duniya ba sa ganin likitan zuciya. Ƙaramin asibiti suke zuwa, inda nas ɗaya ce ke riƙe da layi, ga kati, ga allura, ga awon ciki, wani lokaci magani ya ƙare kafin wata ya ƙare. A babban asibiti ana iya tabbatar da cewa ƙwaya tana sauke jini. Amma ko tsohuwa za ta ci gaba da shanta wata shida bayan ciwon kai ya tafi, ko za ta dawo awo, ko wani zai lura jininta ya sake hawa, wannan ba a gane shi sai a inda tsohuwar take zuwa. Shi ya sa ake kai bincike can.

An taɓa yin irin wanda aka kwatanta wa Mama. Sunansa COBRA-BPS, an yi shi a ƙauyuka 30 na Bangladash da Pakistan da Siri Lanka, da mutum 2,645 masu hawan jini, aka fitar da sakamakon a 2020. A rabin ƙauyukan, ma'aikatan lafiya na gwamnati suna bi gida-gida suna awo, suna wayar da kai, suna tura wanda jininsa ya hau wurin likita. Bayan shekara biyu, lambar sama ta awon jinin waɗannan ta sauka da kusan maki 5 fiye da ta sauran. Maki biyar kamar ba komai ba ne a kan katin mutum ɗaya, amma a cikin dubban mutane yana nufin shanyewar ɓarin jiki da yawa da ba ta faru ba. A ƙasar Sin ma an yi wani a ƙauyuka 326, inda aka horar da ma'aikatan lafiya na ƙauye su fara ba da magani su kuma daidaita shi. Bayan wata 18, kashi 57 cikin ɗari na mutanensu jininsu ya sauka ƙasa da 130 bisa 80, a sauran ƙauyukan kuwa kusan kashi 20 ne. Ba wani sabon magani aka ƙirƙiro ba. Tsarin kulawa aka sauya.

Kuma ba kullum sakamako ke fitowa yadda ake fata ba. Akwai maganin zazzaɓin cizon sauro, atesunet, da ake sa wa yaro ta dubura idan ya galabaita ba ya iya haɗiya, don ya riƙe shi kafin a kai shi asibiti. Binciken da aka wallafa a 2009, wanda aka yi a Bangladash da Gana da Tanzaniya, ya nuna cewa a cikin waɗanda suka haura awa shida ba su isa asibiti ba, maganin ya rage mutuwa ko nakasa da kusan rabi. Da aka fara rarraba shi sosai, aka bi diddigi daga 2018 a Kwango da Najeriya da Yuganda, sai ba a ga raguwar mutuwar da ake tsammani ba. Yara da yawa ba a ƙarasa da su asibiti ba, waɗanda aka kai kuma ba duka suka sami cikakken magani ba. A farkon 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya ta shawarci ƙasashen da ba su fara ba su dakata, daga baya ta sake jaddada amfaninsa a inda ake da tabbacin yaro zai isa asibiti ya sami sauran magani. Maganin bai lalace ba, hanyar da ke bayansa ce ta yanke. Da ba a koma cikin jama'a an duba ba, da har yau ana rabawa ana murna.

To, tsoron ƙannenki fa? Ba na raina shi ko kaɗan. A Taskigi ta jihar Alabama a Amurka, daga 1932 zuwa 1972, an bi ɗaruruwan maza baƙar fata masu tunjere ana kallon yadda cutar ke cin su, aka hana su fenisilin bayan an san yana warkarwa. Irin wannan zalunci ne ya sa dokokin bincike suka tsananta. Sanarwar Helsinki, wadda Ƙungiyar Likitoci ta Duniya ta fitar a 1964 kuma ake sabuntawa, ta ce lafiyar wanda ake bincike da shi tana gaba da burin binciken, kuma dole wani kwamiti mai zaman kansa ya duba tsarin kafin a taɓa kowa.

Ƙuri'ar kuwa kada ta tsorata ki. In aka bar ma'aikata su zaɓa, za su ɗauki masu gida kusa da masu jin magana, sakamako ya fito da kyau alhali ƙarya ne. Ƙuri'a ce ke sa ɓangarorin biyu su yi kama da juna. Abin da za ki tabbatar shi ne, ko wane ɓangare Mama ta faɗa, maganinta na nan. A irin wannan bincike ba a yarda a bar mai hawan jini babu magani don a kwatanta ba.

Na sha zama da tsofaffi ina karanta musu irin wannan takarda, kuma na san yadda abin yake: tsohuwa ta gyaɗa kai tun kafin in gama layin farko, don kunyar farar riga. Wannan ba yarda ba ce. Ki tafi da takardar gida, ki karanta mata a tsanake da harshen da take ji. In ba ta karatu, ƙa'ida ita ce a sami shaida wanda ba ya cikin masu binciken, ya ji bayanin, ita ta dangwala yatsa, shi ya sa hannu, a ba ku kwafi. Ku nemi sunan kwamitin da ya amince da binciken da lambar da za a kira shi. Ku tambaya ko za a ɗebi jini, sau nawa, ina za a kai shi. Ku tambaya wa zai ɗauki nauyi in wani abu ya same ta sanadin binciken, da kuma abin da zai faru da ziyarar gida da magani ranar da aka gama. Wannan ta ƙarshe mutane suna mantawa, kuma ita ce ta fi cin rai daga baya.

Alamu biyu ne za su sa in ce ku ja da baya: in aka ce sai ta sa hannu yau-yau, ko aka nuna mata cewa in ta ƙi za a daina kula da ita. Tana da ikon ƙi, tana da ikon fita a tsakiya ba tare da ba da dalili ba, kuma katinta na asibiti yana nan yadda yake.

In amsoshin sun gamsar da ku, ni dai a ganina binciken da aka kwatanta ba mai haɗari ba ne, kuma ina son a riƙa yin irinsa. Amma hukuncin na Mama ne, ba naki ba, ba na ƙannenki ba. Kafin ta yanke, kada ta daina shan maganinta ko na kwana ɗaya. In kuma kuka ga bakinta ya karkace, ko hannu ya saki, ko magana ta sarƙe, ko ta yi ƙorafin ciwon ƙirji mai tsanani, kada ku jira ma'aikaciyar bincike ta zo, ku wuce da ita asibiti nan take.