Wai Turawa ma suna alfahari da Turanci kamar yadda muke yi da Hausa?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗaliba ce ina karanta Turanci a jami'a. Duk 26 ga Agusta in Ranar Hausa ta zo zaka ga an cika Facebook da karin magana da kayan gargajiya. Shine nake ta tunani, su Turawan da suka tashi da Turanci a baki suna jin irin wannan alfaharin kuwa? Ko ma sun fi mu tunda duniya duk yarensu take yi?

Amsa: Wa alaikumus salam. To ƙanwata suna ji, amma fa ba a inda kike zato ba.

In kika tsare Baturen Ingila kika ce masa wai yana alfahari da Turanci, yawanci sororo zai yi yana kallonki, don shi abin bai taɓa zama abin tunani ba, bai taɓa shiga banki ko asibiti an ce ya sauya harshe ba, ba a taɓa cinsa tara a aji don ya yi yaren gidansu ba. Majalisar Ɗinkin Duniya ma ta ware musu 23 ga Afrilu a matsayin ranar Turanci amma da wuya ki ga wani a Landan ya yi ɗinki saboda ita. Kishin harshe sai an taɓa shi yake tashi.

Kuma su ma an taɓa taɓa su ai. A 1066 Normawa suka haye daga Faransa suka ci Ingila da yaƙi, Faransanci ya zama yaren fada da kotu kusan shekara 300, Turanci ya koma na talakawa da manoma. Sai a 1362 aka yi dokar cewa a riƙa shari'a da Turanci, kuma abin dariya ita kanta dokar da Faransanci aka rubuta ta!

In kina son ganin kishi irin namu ki leƙa Wales, maƙwabtansu ne a tsibiri ɗaya. A ƙarni na 19 akwai makarantun da in yaro ya yi yaren Welsh sai a rataya masa wani ɗan katako a wuya, wanda ya ƙare da shi a tashi ya sha bulala. Duk wanda ya yi firamaren da ake hana yin Hausa ya san wannan zafin. Jikokin yaran nan ne suka matsa har aka yi dokar harshen Welsh ta 1993, yanzu allunan titi da harshe biyu suke. Faransawa kuma tun 1635 suke da majalisar kula da harshensu mai kujera 40, Turanci kuwa har yau ba shi da mai gadi, kowa da kiɗinsa.

To ina alfaharin nasu ya tafi? Karin harshe. Nan ne fa za ki ga jijiyar wuya. Ɗan Libaful da nasa da suke kira Scouse, ɗan Niyukasil da Geordie, in kina kallon hirar 'yan ƙwallo kin san wani sa'in ko rabi ba a ganewa, kuma ba zai gyara ba don a wurinsa gyarawa kamar gudun dangi ne. Kamar dai ki ce wa Basakkwace ya koma Kananci. Sannan a Ingila daga buɗe baki ake gane gidan da ka fito da irin makarantar da ka yi, don haka abin ya haɗu da matsayi, wani na taƙama da nasa wani na ɓoyewa in ya je neman aiki.

Sai kuma kishin Ingila da Amurka. Noah Webster, wani Ba'amurke da ya fitar da ƙamus ɗinsa na Turanci a 1828, da gangan ya tsaya kan rubutun Amurka, colour ta zama color, har gobe ana wannan faɗan a intanet, 'yan Ingila na cewa an ɓata musu yare. Ita Amurkar ma sai 1 ga Maris 2025 Trump ya sa hannu kan umarnin da ya ayyana Turanci harshen gwamnatin tarayya, kuma a ganina da Sifaniyanci bai yi yawa a can ba da ba wanda zai damu.

Batun sun fi mu kuwa, masu Turanci a duniya sun kai wajen biliyan 1.5 amma waɗanda suka tashi da shi basu wuce miliyan 400 ba, kinga masu aro sun fi masu kaya yawa. Kuma da yawa daga cikin Turawan Ingila abin da suke ji ya fi kama da kunya, musamman tunda a 2004 aka daina tilasta wa ɗalibai a Ingila koyon wani harshe bayan sun kai shekara 14 da haihuwa. In suka je hutu Sifen ko Italiya, mai shayi ne zai juya musu zuwa Turanci, su kuma suna ta ba shi haƙuri.