Gwajin Takunkumin Ƙura da Batun Gemu

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina aiki a wurin fasa dutse a Mpape, daf da injin niƙa tsakuwa. Kwanan baya aka raba mana sabbin takunkumai, aka kuma kawo wani mutum yana kifa wa kowa wata ƙatuwar hula a kai, yana fesa wani abu mai ɗaci a ciki. Da layi ya zo kaina sai ya ce ba zai gwada ni ba sai na aske gemu, alhali saboda sunna na ajiye shi. Gwajin nan na gaskiya ne, ko neman takura mana ake yi? Daga mai karatu a Abuja.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Gwajin na gaskiya ne, kuma na yaba wa duk wurin aikin da ya damu ya yi shi, don a ƙasar nan galibi sai dai a miƙa wa lebura takunkumi a ce Allah ya kiyaye.

Takunkumin da aka rubuta wa N95 yana tace aƙalla kashi 95 cikin 100 na ƙananan ƙwayoyin ƙura, amma fa waɗanda suka bi ta jikinsa kaɗai. Iska ba ta son wahala. In ta samu kafa a gefen karan hanci ko ƙarƙashin haɓa, ta nan za ta kutsa da ƙurarta. Fuskoki kuma ba ɗaya ba ne, wanda ya zauna wa abokinka daram kai yana iya bar maka rami a kumatu. Abin da hular take bincikawa ke nan.

Da farko ana fesa maganin kaɗan ba tare da takunkumi ba, don a tabbatar harshenka yana jin sa. Mai ɗacin sunansa Bitrex, akwai kuma mai zaƙi, sakarin. Sannan ka ɗaura takunkumin, a mayar da hular, a ci gaba da fesawa kana numfashi da baki a ɗan buɗe. Za a sa ka ja dogon numfashi, ka juya kai dama da hagu, ka ɗaga ka sunkuyar, ka yi magana da ƙarfi, ka duƙa, kowanne na minti ɗaya. Da zarar ɗaci ya taɓa harshenka, takunkumin ya faɗi gwajin, sai a gyara shi ko a canza girma ko samfuri. Minti 15 kafin gwajin ba a cin komai, ba a shan taba, ruwa kawai. Ni nakan ƙara da goro, don wanda ya taune goro bakinsa ya riga ya cika da ɗaci, me zai bambance? Akwai kuma gwaji na na'ura, wadda ke ƙirga ƙurar waje da ta cikin takunkumi. Takunkumin da ke rufe hanci da baki, sai ƙurar cikinsa ta gaza ta waje sau 100 kafin a ce ya ci gwajin. Dokar ma'aikata ta Amurka ta ce a maimaita duk shekara, da kuma duk lokacin da fuska ta canza, kamar in mutum ya rame, ya yi ƙiba ko ya cire haƙora.

To, gemu. Ba zan ɓoye maka ba, takunkumin da ke manne wa fata ba ya kamawa a kan gashi. Ba sai cikakken gemu ba, ko tsiron kwana biyu yana ɗaga bakinsa. Matse igiya ko tura gemun ciki ba ya magance komai. Gashin baki da bai kai inda takunkumin ke zama ba, wannan ba matsala. Ƙurar dutsen da kake shaƙa kuwa tana ɗauke da silika, wadda ke maƙalewa a huhu ta bar tabo. Tabon ba ya warkewa, yana iya ɗaukar shekara goma ko fiye kafin ya nuna, kuma yana buɗe wa tarin tibi ƙofa.

Hukuncin aski na malamai ne, ba nawa ba. Nawa shi ne in gaya maka cewa aski ba shi kaɗai ne mafita ba. Akwai takunkumi mai kamar hula da ke rufe kai har wuya, da 'yar fanka mai batir a ɗaure a ƙugu tana turo tatacciyar iska. Ba ya manne wa fuska, don haka gemu bai dame shi ba, ba ya ma buƙatar wannan gwajin. Yana da tsada, shi ya sa ba a cika ambatarsa ba. Ka je wurin jami'in kula da lafiyar ma'aikata cikin ladabi ka nemi shi, zai fi kyau ku haɗu da sauran masu gemu ku rubuta takarda ɗaya. In an ce babu kuɗi, ka nemi a mayar da kai sashen da ke nesa da injin. Ku kuma tambayi dalilin da ba a watsa ruwa a bakin injin, don kashe ƙura tun daga tushe ya fi kowane takunkumi.

Abokan aikinka da suka ci gwajin ma su riƙa rufe takunkumin da tafin hannu biyu duk lokacin da suka ɗaura, su huro iska. In suka ji tana fita ta wajen ido, su sake matse ƙarfen hancin. Kai kuma in kana fama da tari da ya wuce mako biyu, ko haki in ka hau tudu, ka je asibiti a ɗauki hoton ƙirjinka, ka kuma faɗa wa likita aikin da kake yi da shekarun da ka yi a ciki.