Zan Koma Gida Ta Ruwa, Ko In Haƙura?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni masunci ne a Yeji, bakin tafkin Volta a Ghana. Na bar garinmu, wani gungu a ƙasar Yauri, tun Yauri tana cikin jihar Sakkwato. Iyayena sun rasu ba na nan. Yanzu ƙarfi ya fara ƙarewa, ina so in koma, kuma ba a shiga garinmu sai ta kwale-kwale. 'Ya'yana sun ce ruwan yana cin mutane. Ga shi ban tara abin kirki ba, ina jin kunyar shiga hannu rabbana. Me za ka ce mini? Daga wani mai karatu a Yeji.

Amsa: Wa'alaikumus salam, Baba. Allah ya jiƙan magabata. Ka shirya ka tafi. Jihar Kebbi ma, wadda Yauri take cikinta yanzu, a 1991 aka ƙirƙiro ta daga jihar Sakkwato, ka ga an daɗe ƙwarai, kuma masu iya gane fuskarka suna ta raguwa.

Sai dai 'ya'yanka suna da gaskiya. A watan Mayun 2021 wani jirgi ɗauke da mutane sama da 150 ya nutse a kusa da Wara, cikin ƙaramar hukumar Ngaski, kaɗan ne suka tsira. Dalilan irin wannan haɗari ba ɓoyayyu ba ne: tsohon jirgin katako, lodi fiye da kima, tafiyar dare, da kututturan itatuwan da ruwa ya shanye tun da aka kammala madatsar Kainji a 1968. Kai da kake kan Volta ka san wannan fiye da ni, don tafkinku ma cike yake da su.

Ni ma ɗan bakin kogi ne, abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne jirgin ranar kasuwa. Za ka ga buhunan hatsi a ƙasa, babura a kansu, mata da goyo sun takure a gefe, wani yaro yana ta kwalfe ruwa da roba, tazarar da ke tsakanin bakin jirgin da ruwa ba ta kai taƙi ɗaya ba. Idan ka ga haka, ka koma inuwa ka zauna, ko da kwana za ka yi. Ka tashi da safe kafin iska ta taso, ka kauce wa tsakiyar damina. Ka sayi rigar kariya taka ta kanka ka ɗaura, kada ka ce ai sarkawa ba sa nutsewa. Hannun da ya ja taru shekara da shekaru ba shi ne na jiya ba. Da ka isa Yauri ka nemi sarkin ruwa ko dattawan tashar jirage, su haɗa ka da matuƙin da suka yarda da shi. Ka kuma tambayi direbobi halin tsaron hanya kafin ka kama ta.

Maganar kunya kuwa, Baba, ka ajiye ta. Goro, sabulu, turmin atamfa ga wadda ta fi girma a gidan, sun isa tsaraba. Abin da danginka ke binka bashi shi ne ta'aziyyar da ba ka yi ba. Ka aika saƙo tukuna don kada ka faɗo musu kwatsam, ka fara sauka wurin mai gari, sannan ka nemi a raka ka maƙabarta. Batun gona ko gado kada ka tayar da shi a makon farko. Kuma ka tafi da ɗaya daga cikin 'ya'yan nan, ya ga gidan kakanninsa, ya riƙe maka jaka wajen hawa jirgi.