Hukuncin cin bashi don koyon tuƙin jirgin sama

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗan kasuwa ne a nan Katsina. Yarona ya gama sakandare, ba shi da buri sai tuƙin jirgin sama, kuɗin kuwa sun fi ƙarfina. Wani banki ya ce zai ba ni rance da ruwa in ajiye takardun gidana. An kuma ce mini akwai kamfanonin jirage da ke ɗaukar nauyin karatu, yaro ya sa hannu zai yi musu aiki na wasu shekaru. Wanne ya halatta? Kuma halin da nake ciki bai kai larura ba?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Alhaji, Allah ya yi wa yaron albarka. Sana'ar kanta halal ce, har ma tana cikin farillan kifaya, domin al'ummar da ke kwasar alhazai daga filin jirgin Umaru Musa 'Yar'aduwa zuwa Jidda da Madina kowace shekara ba ta wadatuwa da barin matuƙa jirgi.

Kafin hukunci, ya kamata ka san abin da za ka saya. Karatun hawa-hawa ne. Akwai lasisin farko na tuƙa jirgi don kai, wanda ba a karɓar albashi da shi. Sai lasisin kasuwanci, mai bukatar tashi na awa 150 zuwa 200 gwargwadon tsarin makaranta, tare da horon tuƙi da na'urori da na jirgi mai inji biyu. Babban lasisin da ake zama kyaftin da shi sai an tara awa 1,500. A gida akwai kwalejin koyon tuƙin jirgin sama ta Zariya da aka kafa a 1964, akwai ta Ilorin, wasu kuma Afirka ta Kudu ko Amurka suke tafiya. Abin da iyaye ba sa lissafawa shi ne, bayan duk wannan akwai horo na daban a kan irin jirgin da kamfani ke aiki da shi, kamar Boeing 737, kuma galibi da dala ake biyansa. Sannan lasisi ba takardar kama aiki ba ce.

Rancen banki da ruwa haramun ne. Allah yana cewa a Suratul Baƙara, aya ta 275, ya halatta ciniki ya haramta riba. Muslim ya ruwaito daga Jabir cewa Annabi (SAW) ya la'anci mai cin riba da mai bayar da ita da marubucinta da shaidunta biyu, ya ce duk ɗaya suke. Kai ne za ka zama mai bayarwa. Batun larura kuwa bai taso ba. Larurar da ke halatta haram ita ce wadda in an bar ta rai ko gaɓa za su salwanta. Yaron da bai tuƙa jirgi bana ba, babu abin da ya same shi sai jinkiri. Ga kuma gidan da iyalinka ke kwana za ka jingina a kan aikin da ba a samu ba tukuna.

Yarjejeniyar kamfani ita ce ke bukatar natsuwa, don iri biyu ce ko da sunansu ɗaya.

Idan kamfani ya biya kuɗin horon daga aljihunsa, ya shardanta yaro ya yi masa aiki na shekaru sanannu da albashi sananne irin na tsaransa, wannan ijara ce, wato ɗaukar mutum aiki a kan lada, ingantacciya, kuma Musulmi suna kan sharuɗɗansu kamar yadda ya zo a hadisin Abu Dawud da Tirmizi. Idan aka rubuta cewa wanda ya tafi kafin wa'adi zai mayar da kuɗin da aka kashe masa gwargwadon shekarun da suka rage, shi ma ya halatta, don rama asara ce ta gaskiya. Majalisar Fiƙihu ta ƙasashen Musulmi, a zamanta na Riyad a 2000, ta halatta sharaɗin tara a yarjejeniyoyin dukiya, ban da wadda asalinta bashi ne. Kuma in ya sa hannu, cikawa wajibi ce. Ba ya halatta ya ga albashin wani kamfani a Dubai ya sulale bai biya ba.

Amma idan takardar ta ce kuɗin bashi ne a wuyansa, za a riƙa cira daga albashinsa har ya biya duka, sannan kuma an ɗaure shi da aiki a kan albashin da bai kai na tsaransa ba saboda bashin, to wannan rance ne da ya jawo amfani. Malamanmu na Malikiyya sun hana shi, kuma hadisi ya hana haɗa rance da ciniki a ƙulli ɗaya. Ragin albashin nan shi ne ruwan, an sauya masa riga ne kawai. Haka idan abin da zai mayar ya fi abin da aka kashe, ko yana ƙaruwa da jinkiri.

Akwai wasu ƙofofin. Bankunan da ba sa mu'amala da ruwa, irin su Jaiz da TAJ, za ka iya tambayarsu tsarin ijarar hidima: banki ya sayi gurbin karatun daga makaranta, ya sayar maka da amfaninsa a farashi tsayayye, ka biya kaɗan-kaɗan. Ya halatta da sharaɗin banki ya mallaki gurbin kafin ya ƙulla da kai, kuma farashin kada ya motsa in ka makara. Rancen 'yan'uwa marar ƙari da tallafin gwamnati babu komai a kansu. Biyan karatun mataki-mataki ma hanya ce, ko da za ta ɗauki lokaci. In kadara za ka sayar, ka tuna da sauran 'ya'yanka, kada karatun ɗaya ya cinye haƙƙin ciyar da su da karatunsu.

Kafin ka kashe ko kwabo, ka kai shi gwajin lafiya na ajin farko wurin likitan da hukumar kula da sufurin jiragen sama ta amince da shi, domin matsalar ido ko zuciya kaɗai tana iya rufe maganar. Takardar kamfanin kuma kada ya sa hannu sai lauya da malamin da ya san mu'amalat sun karanta ta tare.

Wallahu a'alam.