Garin bizirul kattan: gwaji ko sabbin kwalabe?

Tambaya: Ina sayar da garin bizirul kattan, wato filaksid, a Kano, ga masu fama da taurin bayan gida. Kwastomomi sun fara ƙorafi cewa na wannan karon yana ɗaci, har da warin fenti. Ɗan jarin da ke hannuna in zuba shi a kwalabe masu kyau da talla, ko in kai kayan gwaji?

Amsa: Hajiya, kai gwaji. Warin da suka ji man da ke cikin garin ne ya lalace. Kusan kashi 40 cikin 100 na ƙwayar mai ne, kuma fiye da rabin man nan omega-3 ne, wanda ba ya jure iska da zafi da haske. Muddin ƙwayar na cikin ɓawonta tana daɗewa, amma da an niƙa ta, a zafin Kano na Afrilu, sai ta fara juyawa. Don haka ki daina niƙa buhu guda. Ki niƙa iya abin da zai ƙare da wuri, ki zuba a mazubi mai duhu, ki toshe bakinsa sosai.

Manyan masu noman irin nan su ne Kazakistan da Rasha da Kanada da Sin, kin ga kafin buhu ya iso hannunki ya sha hanya. Ki tsaya kan dila ɗaya, ki ba kowane buhu lamba, ki rubuta lambar da ranar niƙa a jikin kowace roba. In ƙorafi ya zo, kin san buhun da za ki janye, ba sai kin zubar da kaya duka ba.

A gida ma akwai abin yi: jiƙa cokali ɗaya a ruwa. Mai kyau zai kumbura ya yi yauƙi kamar kuɓewa, kuma yauƙin nan ne ke sassauta ciki. Amma ido ba ya ganin damshin da ya wuce kashi 10, ko gubar afulatoksin da fumfuna ke haifarwa, ko ƙarfen kadmiyam da shukar ke zuƙa daga ƙasa, ko sinadarin da ke fitar da gubar sayanayid. Wannan aikin ɗakin gwaji ne, irin na NIPRD, cibiyar binciken magunguna ta ƙasa da ke Abuja.

Kada kuɗin ya razana ki. Raba shi kan yawan robobin da buhun zai fitar, ki ɗora a farashi. Daga nan ki nemi lambar NAFDAC, wadda ake bai wa magungunan gargajiya na shekara 2 a matakin farko, domin manyan kantuna na tambayarta.

Don Allah kada ki rubuta cewa yana warkar da ciwon suga ko daji. Abin da ya kamata ki rubuta shi ne a sha da ruwa mai yawa, a kuma ba da tazarar awa ɗaya tsakaninsa da maganin asibiti.