Ga 'yar'uwar da addu'a ta yi wa nauyi

'Yar'uwa, ina gaishe ki cikin sunan Yesu Almasihu. Kin tambaya yadda mutum zai ci gaba da sa bege bayan jarinsa ya karye, addu'a kuma ta yi masa nauyi a baki. Halin nan na san shi.

'Yan bindiga ne suka raba mu da gonarmu, muka dawo cikin garin Katsina muka kama hayar ɗaki ɗaya a wajen Ƙofar Ƙaura, ni da maigida da yara biyar. A shekarar 2021, da aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na jihar nan, na yi makonni ban ji muryar mahaifiyata ba. Ina zuwa sujada, ina buɗe baki tare da jama'a, amma zuciyata ba ta wurin.

Wata dattijuwa a Zumuntar Mata ce ta lura. Ba ta yi mini faɗa ba, ba ta ce bangaskiyata ta yi rauni ba, kuma har yau ina ganin masu saurin faɗa wa mai baƙin ciki haka suna ƙara masa ciwo ne. Ta buɗe mini Irmiya sura 32, inda annabin yana tsare, sojojin Babila sun kewaye Urushalima, amma Ubangiji ya ce ya sayi gonar ɗan'uwansa a Anatot. Ya auna shekel 17 na azurfa, ya sa aka adana takardun cinikin cikin tulu domin su daɗe, saboda za a sake sayen gidaje da gonaki a ƙasar. Ni da na baro gona, maganar ta shige ni ƙwarai.

Daga nan ta ba ni rancen tiya biyu ta wake, na fara tuyar ƙosai a ƙofar gida. Da asuba, kafin in hura wuta, nakan karanta littafin Makoki 3:22-23, inda aka ce jinƙan Ubangiji ba ya ƙarewa, sabo ne kowace safiya, wani lokaci ina karantawa da hawaye. Sai da aka yi watanni kafin in ji addu'ata ta dawo tawa.

Ki faɗa wa mace ɗaya a ikilisiyarku ainihin halin da kike ciki, wadda za ta zo gidanki ku durƙusa tare. Mu har yanzu ba mu koma gona ba, amma irin geronmu yana nan, kowace damina maigida yakan sabunta shi a ɗan filin da wani maƙwabcinmu Musulmi ya ara mana.