Tambayoyinku: Kiwon Murjani da Kifin Teku a Zafin Sakkwato

Wasiƙun wannan wata sun taru a kan akwatin gilashin nan da ake zuba wa ruwan gishiri, a sa masa murjani mai rai da kifayen teku masu launi. Yawancinsu daga Sakkwato suka fito, don haka da yanayin garin za mu amsa.

Tambaya: Assalamu alaikum. Shekara biyu ke nan ina kiwon kifin ado na ruwan daɗi, yanzu ina son in gwada na teku. In na zuba gishirin miya a ruwan bohal ɗinmu ya wadatar? Kuma wane girma ya kamata in fara da shi? Daga wani mai karatu a Mabera.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Daga gishirin har ruwan, babu wanda zai yi. Gishirin miya sinadari ɗaya ne kusan zalla, sai ayodin da aka ƙara masa. Ruwan teku kuwa yana ɗauke da magnisiyam, kalsiyam, fotasiyam, salfet da kabonet, kuma da kalsiyam da kabonet ɗin ne murjani ke gina ƙashinsa. Sai dai ka sayi gishirin da aka haɗa don wannan aikin, irin su Instant Ocean, Red Sea ko Tropic Marin. Ma'aunin da ake nema shi ne kashi 35 cikin 1000, wanda na'urar auna gishiri ta rifraktomita ke nunawa a 1.025 zuwa 1.026. A sikeli, jarka mai lita 25 za ta ci gishiri kusan kilo guda. An ce ido ba mudu ba amma ya san ƙima, to a wannan harkar bai sani ba, ka auna. Gishirin ake barbaɗawa a cikin ruwa, ba ruwa ake zubawa a kan gishiri ba, domin in ka yi haka kalsiyam ɗin zai kwanta kamar alli, kuma ba zai sake narkewa ba. Ka bar ƙaramin famfo yana juya shi a cikin duron roba mai tsabta har ya kwana.

Ruwan bohal da na rijiya kan zo da naitiret, fosfet, siliket, wani lokaci har da ƙarafa, na famfo kuma ga kulorin. Kifinka na ruwan daɗi ya saba da su, murjani ba zai saba ba. Abin da ake amfani da shi na'urar tace ruwa ce da ake kira RO/DI, mai matakai huɗu: na tare laka, na gawayi, fatar tacewa, sai ƙwayoyin rezin da ke kwashe abin da ya rage. Ka haɗa da ɗan ma'aunin TDS, mai nuna yawan abin da ya narke a cikin ruwa. Ruwan da ya fito ya nuna 0, in ya fara nuna 1 ko 2, rezin ya gaji. Ruwan tankin sama ba shi da ƙarfin da zai ratsa fatar, sai ka sa mata famfon ƙara ƙarfi. Kuma a kowace lita guda mai kyau takan zubar da uku ko huɗu, a tare su don wanki ko ban ruwan shuka. Ruwan leda fa? Ka tsoma masa ma'aunin tukuna, abin da ya nuna shi ne hukunci.

Batun girma, kada ka ce za ka fara da ƙarami don sauƙi. Akwatin lita 40 ya fi na lita 200 wahala, saboda ɗan ruwa nan da nan yake ɗaukar zafi, nan da nan gishirinsa ke hawa. Tsawo santimita 100, faɗi 45, zurfi 45 zai ba ka lita 200. A yanka shi da gilashi mai kaurin milimita 10, a manne da silikon wanda babu maganin fumfuna a ciki. Da ruwa da dutse da yashi nauyinsa zai doshi kilo 300, saboda haka teburin talabijin ba wurin ajiye shi ba ne.

Tambaya: Ranku ya daɗe, gaskiya nake so. Da wanga zafi namu na bazara, abin ga zai yiwu kuwa? Daga wani Alhaji a Gawon Nama.

Amsa: Alhaji, tambayar da ta fi kowace muhimmanci ke nan. Zai yiwu, amma ga wanda ya warware maganar sanyi kafin ya sayi ko kifi guda. Murjani yana son ruwa tsakanin digiri 24 da 27. A cikin naman jikinsa akwai wasu ƙananan halittu dangin gansakuka da ke sarrafa haske su ciyar da shi, kuma su ke ba shi mafi yawan launinsa. In ruwa ya haura 30 ya zauna a can kwanaki, sai ya kore su, ya koma fari fat, yunwa ta ƙarasa shi. A Sakkwato kuwa Afirilu da Mayu sun saba wuce 40, ga fitila da famfuna suna ƙara wa ruwan nasu zafin.

Mutane da yawa sukan dogara da ƙanƙara. Bari mu yi lissafi. Gorar ruwa mai lita ɗaya da rabi, daskararriya, ba za ta sauke lita 200 da cikakken digiri guda ba kafin ta narke. Dabarar ranar gaggawa ce, kuma gorar ta kasance a rufe. Fanka ta fi ta aiki nesa ba kusa ba: duk lita guda da ta tashi ta bi iska tana tafiya da zafin da ya kai kusan digiri uku na wannan akwatin. A nan busasshiyar iskarmu ta Maris da Afirilu ta zama alheri, domin ƙaramar fanka da ke hura saman ruwan za ta iya rage digiri biyu zuwa huɗu. Da damina ta sauka iska ta jiƙe, ƙarfinta sai ya ragu.

Sai dai in ɗakin da kansa ya kai 36, fanka kaɗai ba za ta fisshe ka ba. Ko dai ɗaki mai esi, ko na'urar sanyaya ruwa da masu sayarwa ke ce wa cila. Ka ɗauki wadda aka rubuta wa ninkin girman akwatinka, tunda ba da zafin Sakkwato aka yi lissafin da ke jikin kwalin ba. Kada ka kulle ta a kabad ɗin ƙasa, zafin da ta cire zai komo mata. Akwatin ma a nisanta shi da taga da bangon da ranar yamma ke duka. A lokacin zafi, ka mayar da awannin fitila zuwa dare.

Ruwan da fanka ta kwashe, da ruwan tace mara gishiri ake mayar da shi, kullum. Ruwa ne ke tashi, gishiri yana nan. In lita 10 ta tafi daga 200 ba ka cike ba, ma'auni ya tashi daga 35 zuwa kusan 37. Ka ja layi da biro a jikin gilashi, ka riƙa cikewa zuwa nan safe da yamma. Kada kuma a manta da hunturu: daren Disamba da Janairu yakan yi sanyin da zai ja ruwan ƙasa da 24, don haka hita mai wat 150, a saita ta a 25, tana cikin kayan aiki.

Tambaya: In aka ɗauke wuta, awa nawa kifin zai jure? Daga wani ɗalibi a Runjin Sambo.

Amsa: Ba duhu ke kashe su ba, tsayawar ruwa ce. Murjani zai yi kwana biyu ko uku babu fitila bai mutu ba. Amma ruwan gishiri mai ɗumi bai riƙe iskar shaƙa da yawa, kuma kifi da murjani da bakteriya duk daga ita suke sha. A akwati mai cunkoso, cikin 'yan awanni za ka ga kifi ya taso sama yana haki. Saboda haka abin da za a fara ɗora wa inbata shi ne famfon da ke kaɗa saman ruwa. Wat 10 zuwa 20 yake ci, batir mai 200Ah zai riƙe shi fiye da kwana guda cur. Cila ce mai cin wuta, ita sai sola mai ƙarfi ko janareto. Ka ajiye ɗan injin busa iska mai batirin tocila a kusa, don ba a fafe gora ranar tafiya. In komai ya ƙi, ka riƙa ɗibar ruwan da jug kana kwararo shi daga sama duk bayan minti goma ko sha biyar. Wani abu kuma: ruwan gishiri yana ɗaukar lantarki sosai. Soket ya kasance a sama, kowace waya ta yi lanƙwasa ƙasa kafin ta hau gare shi, kuma mai gyaran wuta ya sa maka na'urar yanke wuta ta RCD.

Tambaya: Na haɗa komai ranar Asabar, na sa kifi biyar ranar Litinin, kafin Juma'a babu ko ɗaya. Ruwan kuma garau yake. Mi ya faru? Daga wani mai karatu a Tudun Wada.

Amsa: Allah ya mayar da alheri. Amoniya ce, kuma ba ta da launi. Kashin kifi da numfashinsa suna fitar da ita, wasu bakteriya su mayar da ita naitirait, wasu su mayar da wannan naitiret, wanda bai kai su dafi ba. A sabon akwati waɗannan bakteriyar ba su riga sun zauna ba. Gidansu dutse ne mai huji-huji, kusan kilo guda ga kowace lita 10, da yashin aragonait mai kaurin santimita 2 zuwa 3. Ka kunna famfuna, ka jefa ɗanyen jatan lande guda ya ruɓe, ko ka ɗiga amoniyar kwalba har ma'auni ya nuna 2 ppm, wato miligiram 2 a kowace lita. Ka riƙa gwaji duk bayan kwana biyu. Za ka ga amoniya ta hau ta sauka, naitirait ya biyo baya shi ma ya sauka. Ranar da duka biyun suka nuna 0, naitiret kuma ya bayyana, an gama. Yakan ɗauki mako 4 zuwa 6. Sai ka canza kashi ɗaya cikin huɗu na ruwan da sabon ruwan gishiri, ka sa kifi biyu kacal. Kifin nan mai ruwan lemo da fararen zobba uku yana da juriya. Na gaba sai bayan mako biyu ko uku. Shuɗin kifin tang da kowa ke sha'awa kuwa, lita 200 ta yi masa kaɗan.

Wata ƙura-ƙura mai launin ƙasa za ta rufe yashi da gilashi a watan farko ko na biyu. Siliket take ci, tana cinye shi za ta tafi da kanta. Kada a zuba magani.

Tambaya: Kifina ya fito da fararen ɗigo kamar an barbaɗa mishi gishiri, yana goga jiki da dutse. An ce in sa maganin jan ƙarfe. Daga wani malamin makaranta a Gidan Igwai.

Amsa: Malam, maganin daidai ne, amma ba a cikin babban akwati ba. Jan ƙarfe yana kashe murjani da dodon koɗi da jatan lande, kuma dutse yana shanye shi ya riƙa amayarwa daga baya. Ƙwayar da ke jawo ɗigon takan faɗo daga jikin kifi, ta hayayyafa a cikin yashi, ta dawo da yawa. Shi ya sa ɗigon ke ɓacewa ka zaci an warke. A kwashe kifin gaba ɗaya zuwa wani akwati mara dutse, a ba su maganin bisa ƙa'idar da ke jikin kwalba ana aunawa, babban kuma a bar shi babu kifi na mako 11 yunwa ta kashe ƙwayar. Daga yanzu duk sabon kifi ya yi mako 4 a keɓe. In daga Legas aka aiko maka shi a jirgi, ka ɗora ledar a kan ruwa a rufe na minti 20, kana buɗewa ka fitar da shi ba tare da ruwan ledar ba. Amoniyar da ta taru a hanya dafinta yana ƙaruwa da zarar iska ta shiga. Kuma kada a yi odar a tsakiyar bazara.

Tambaya: Maigida ya kafa nashi a falo, ya ce in daina turaren wuta da feshin sauro. Ba son kai ba ne? Daga wata uwargida a Arkilla.

Amsa: Hajiya, a maganar feshi yana da gaskiya ɗari bisa ɗari. Maganin sauro na gwangwani da na kunnawa da fiya-fiya dafi ne mai ƙarfi ga kifi da jatan lande, kaɗan ya isa. Ga shi kuma na'urar kwashe kumfa, wato sikima, aikinta ke nan ta zuƙi iskar ɗaki ta cakuɗa da ruwa. Turaren wuta bai kai nan ba, amma a nisanta kasko, a buɗe taga. In feshin ya zama dole, a kashe sikima, a rufe akwatin da jiƙaƙƙen tawul, famfon ciki yana aiki, har warin ya fita. Hannun da ke da man shafawa ko turare ko sabulu ma kada ya shiga ruwan.

Tambaya: Da wane murjani zan fara, kuma kanwa za ta iya tayar da alkali? Daga wani mai karatu a Minanata.

Amsa: Kanwa a bar wa miya, ba a san abin da ke cakuɗe da ita ba. Don tayar da alkali, wato yawan kabonet ɗin da ke cikin ruwa, wanda ake aunawa da dKH, bekin soda ake sawa, ba bekin fauda ba. Giram 6 da aka narkar a ruwan tace yana tayar da lita 200 da 1 dKH, kuma kada a wuce haka a yini. Ana son alkali tsakanin 7 da 9 dKH, kalsiyam 400 zuwa 450 ppm, magnisiyam wajen 1300 ppm. Muddin murjanin bai yi yawa ba, canza lita 20 kowane mako ya isa ya riƙe waɗannan.

Ka fara bayan wata biyu ko uku da masu taushi: mai kama da naman kaza, mai kama da fata, da kore mai taurari. Fitilar LED mai shuɗi da fari awa 8 zuwa 10, famfunan da ke juya ruwan sau 10 zuwa 20 a awa, wato lita 2000 zuwa 4000. Murjani mai rassa da ake kira Acropora sai akwati ya shekara, kuma masu ƙashi irinsa suna ƙarƙashin CITES, yarjejeniyar ƙasashen duniya kan cinikin halittun da ake karewa, ka tambayi mai sayarwa takarda. Zowantid masu kama da furanni suna da sauƙin kiwo, amma wasunsu na ɗauke da falitoksin, dafin da ke iya kai mutum asibiti. A sa safar hannu da tabarau in za a taɓa su, kada a kankare dutsensu a bushe, kada a tafasa shi, domin tururin kaɗai yana iya kwantar da mutanen gida.